Picasso, Jamusawan Brücke ko Rashawa: a ina mutum zai fara sa kuɗinsa in zai tara zanen bugu?

In mutum ya shiga sha'awar tara zanen bugu na mutanen nan da suka birkita harkar zane a Turai daga wajen 1900 zuwa shekarun 1930, hanya uku ce take fara buɗe masa, kuma gaskia da wuya aljihu ɗaya ya ɗauki ukun a lokaci guda. Ko dai ya bi Picasso da mutanen Paris, ko ya bi Jamusawan nan masu sassaƙa katako irin su Kirchner da Heckel da Nolde da Käthe Kollwitz, ko kuma ya nufi Rashawa irin su Malevich da Goncharova da El Lissitzky. Ni dai bari in faɗi nawa tun yanzu kar in ja ku da nisa, in na farko ne zaka saya to Jamusawa na ke ba ka shawara, amma akwai wanda Picasso ya fi dacewa da shi, akwai kuma wanda ba abin da zai iya ratayawa a ɗakinsa sai na Rashawa, shi ya sa ya kamata a baje su a gani.

Abu ɗaya sai an fahimce shi tukunna in ba haka ba duk sauran maganar ba zata shiga ba. Zanen bugu ba hoton zane bane da aka ɗauka da kyamara aka buga a inji. Mai zanen da kansa ne yake sassaƙa allon katako, ko ya karce farantin tagulla da allura ya sa ruwan asid ya ci, ko ya zana a kan dutse mai santsi da alli mai maiƙo, sannan a shafa tawada a danna takarda a kai, kamar dai yadda hatimi yake barin alamarsa a kan wasiƙa. Kenan daga allo ɗaya ana iya fitar da takarda goma, ana iya fitar da dubu, ana iya fitarwa yana raye, ana iya fitarwa bayan shekara talatin da mutuwarsa, kuma duk suna ɗauke da sunansa. To a nan ne kuɗi yake shiga ko ya ɓace. Tambayar da zaka riƙa yi kullum ita ce wannan takardar da ke gabana yaushe aka buga ta, wa ya buga, guda nawa aka buga.

Na Picasso ya fi kowanne saurin nuna wannan. A 1904 yana saurayi a Paris ba shi da ko kuɗin sabon faranti, ya samu wani farantin zinki da wani ya riga ya yi aiki a kai ya karce Le Repas frugal, wato wani mutum ramamme da mace suna zaune gaban tebur ba komai sai kwalba da guntun burodi. Kaɗan aka buga a lokacin. Daga baya dillalin nan Ambroise Vollard ya sayi wannan farantin da wasu na Picasso na lokacin, ya sa aka lulluɓe fuskarsu da ƙarfe dan su jure matsa, a 1913 aka buga 250 a kan takardar Van Gelder da wasu ƙasa da talatin a kan takardar Japan. Zane ɗaya ne, faranti ɗaya ne, amma na farkon baƙinsu ya fi zurfi da laushi, kuma ɗaya daga cikinsu ne aka sayar a gwanjon Christie's na Landan a watan Maris 2022 a kan fam miliyan 6 da ɗan ɗoriya. Na 1913 ma ba araha bane ko kaɗan amma ko kusa da wancan ba ya zuwa. Wanda bai san wannan bambancin ba zai ga farashin biyu ya ɗauka ko wani ya yi hauka ko wani ya samu garaɓasa, alhali kowanne yana kan ƙa'idarsa.

Abin da yafi jan masu farawa wajen Picasso shine jerin nan da ake kira Suite Vollard, zane 100 da ya yi tsakanin 1930 da 1937, Roger Lacourière ya buga su a 1939, saiti 260 a ƙaramar takarda, 50 a babba, 3 a kan fata. Takardar Montval ce kuma in ka ɗaga ƙaramar a haske zaka ga tambarin Picasso ko na Vollard a cikin jikinta. Vollard ya mutu a haɗarin mota a watan Yulin shekarar kafin ya kai su kasuwa, yaƙi kuma ya ɓarke, dillali Henri Petiet ne ya sayi mafi yawansu ya riƙa kai wa Picasso yana sa hannu kaɗan kaɗan cikin shekaru, shi ya sa yau zaka ga wasu da sa hannu wasu babu kuma dukansu na gaske ne, sai dai mai sa hannun ya fi tsada sosai. Alherin wannan hanya a fili yake. Komai a rubuce yake, kundin Bloch da na Geiser da Baer, wato littattafan da masana suka lissafa zanen bugunsa suka ba kowanne lamba, sun bi kowane faranti mataki mataki, kusan kowane lokacin gwanjo sai an fito da wasu, kenan zaka iya zama da wayarka ka duba nawa aka sayar da irin naka bara da bara waccan, ranar da ka matsu kuma kana son sayarwa ba sai ka yi wa kowa bayanin waye Picasso ba. A cikin ukun nan shi ne mafi sauƙin mayarwa kuɗi.

Matsalarsa biyu ce a wajena. Ta farko ƙofar shiga tana da tsada, takarda ɗaya mai sa hannu daga wannan jerin maganar dubban daloli masu yawa ake, waɗanda aka fi so kuma irin na makahon Minotaur, dodon nan mai jikin mutum da kan sa na tatsuniyar Girka, sun ninka haka sau da yawa. Ta biyu, sunan ya yi girma har ya haifi wata kasuwa daban a ƙarƙashinsa, ta fostoci da hotunan zanensa da wasu suka kwafa a dutse bayan mutuwarsa a 1973, da shafukan da aka yanko daga littafi aka sa wa sa hannun fensir na ƙarya. Mutumin ya yi zanen bugu sama da dubu biyu a rayuwarsa, to mai ɗan ƙaramin kuɗi da ya nace lallai sai Picasso, mafi yawan lokaci abin da yake komawa gida da shi daga wannan ƙasan tulin ne, kuma araha ba ta ado. In a bayanin kaya ka ga an rubuta cewa an yi shi ne bisa zanen Picasso ba shi ya yi ba, ko ba a ba ka lambar Bloch ba, ka wuce kawai. Sannan in abin da kake nema shine ainihin lokacin da aka fasa tsohon salo, wato zanen Kubizim, mai farfasa siffa zuwa kusurwoyi, na wajen 1910 zuwa 1912, waɗannan kaɗan ne ƙwarai, kuma ko a nan sai ka lura, Braque, abokin Picasso a wannan salon, ya karce faranti da dama a lokacin amma dillalinsu Kahnweiler biyu kacal ya fitar, Fox da Job, sauran sai a shekarun 1950 aka buga su.

To mu zo kan Jamusawa, nan ne zan ɗan daɗe. A 1905 a Dresden ɗalibai huɗu masu karatun zanen gine-gine, Ernst Ludwig Kirchner da Erich Heckel da Karl Schmidt-Rottluff da Fritz Bleyl, suka kafa ƙungiyar Die Brücke. Pechstein da Nolde suka shigo a 1906, Nolde bai daɗe ba ya fita, Otto Mueller ya shigo a 1910, a 1913 ƙungiyar ta watse a Berlin. Shekara takwas kenan kawai. Abin da yasa nake fifita su shine a wajensu sassaƙar katako ita ce asalin aikin, ba wai wata hanya bace ta yaɗa abin da suka riga suka zana da fenti, hatta takardar manufofin ƙungiyar ta 1906 Kirchner sassaƙa ta ya yi a katako. In ka riƙe Prophet na Nolde na 1912, fuskar nan da kamar da gatari aka fito da ita, jijiyar icen tana nan a cikin baƙin tawadar, to kana riƙe da ɗaya daga cikin manyan ayyukan mutumin gaba ɗaya. Da wuya ka samu haka a wajen masu zanen fenti da kuɗin da bai kai na gida ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye wanda ya kamata mai saye daga ɓangarenmu ya sani. Waɗannan fuskoki masu kusurwa da manyan idanu ba daga sama suka faɗo musu ba, sun riƙa zuwa gidan adana kayan al'adu na Dresden suna kallon sassaƙar Kamaru da tagullar Benin da ginshiƙan tsibirin Palau, a lokacin Kamaru tana hannun Jamus tun 1884, Kirchner ma yana da kujerar katako ta Kamaru mai siffar damisa a ɗakin aikinsa wadda take fitowa a zanensa. Tagullar Benin kuwa kowa ya san yadda ta bar gida a 1897, sai a Disamba 2022 Jamus ta kawo rukunin farko Abuja. Ni wannan bai hana ni son aikinsu ba, amma yana sa ina kallonsa da ido biyu, ina ganin hannun masassaƙan da ba a rubuta sunansu ba a cikinsa.

Kasuwar Jamusawa hawa hawa ce kuma wannan shine babban amfaninta ga mai farawa. A can sama akwai waɗanda Kirchner ya buga da hannunsa a ɗakinsa, shi kusan bai yarda da ba wa ma'aikatar bugu ba, sau da yawa takarda ƙalilan yake cirewa daga allo sai ya sake sassaƙa ya canza, kenan kowace takarda kusan ita kaɗai ce, waɗannan farashinsu na manya ne. A tsakiya akwai na jakar shekara shekara da ƙungiyar take ba membobinta masu biyan kuɗin tallafi daga 1906 zuwa 1912, da na Heckel da Schmidt-Rottluff da Pechstein masu sa hannu da masu wallafa suka fitar bayan yaƙin duniya na farko. A ƙasa kuma, inda nake son mai farawa ya tsaya, akwai waɗanda aka buga kai tsaye daga allon katakon a cikin mujallun lokacin, Der Sturm da Herwarth Walden ya fara a 1910, Die Aktion ta Franz Pfemfert daga 1911, Genius wajen 1919 zuwa 1921. Ba sa hannu, an buga da yawa, wani lokacin akwai rubutu a bayan takardar, amma allon na gaske ne, shekarar ta gaske ce, mai zanen yana raye ya kuma yarda, kuma ana samunsu daga ɗaruruwan yuro zuwa 'yan dubbai. Da kuɗin da zai saya maka fostar Picasso mai shakku zaka samu ainihin Schmidt-Rottluff na 1919. Wannan shine lissafin da ya sa na tsaya inda na tsaya.

Wani abin kuma, alluna da yawa sun ƙone. Bam ya cinye ɗakin aikin Heckel a Berlin a 1944 tare da allunansa, gidan Nolde na Berlin ma ya ƙone a shekarar da tarin zanen bugunsa a ciki, kenan ba wanda zai zo ya cigaba da bugawa daga waɗannan. Kundaye kuma suna nan masu ƙarfi, Gustav Schiefler wani alƙali ne a Hamburg da ya zauna ya lissafa na Nolde da na Kirchner tun suna raye, Rosa Schapire wadda ita kanta membar tallafi ce ta ƙungiyar ta yi na Schmidt-Rottluff a 1924, daga baya Dube ya yi na Kirchner da Heckel.

Käthe Kollwitz ba 'yar Brücke bace amma duk mai bin wannan hanya sai ya haɗu da ita, kuma ita ce wadda tafi taɓa zuciya a wajena. Ɗanta Peter ya mutu a fagen yaƙi a Oktoba 1914, jerin sassaƙar katakon da ta yi a kan yaƙi a farkon shekarun 1920, iyaye biyu sun rungume juna, uwaye sun yi da'ira sun kare 'ya'yansu, ba sai an yi wa kowa bayani ba, duk wanda ya taɓa zaman makoki zai gane. Sai dai a wajenta ne tarkon sake bugu ya fi yawa. Farantanta na tagulla sun koma hannun mai wallafa Alexander von der Becke a 1931, bayan rasuwarta a 1945 kuma gidansa ya cigaba da bugawa har cikin shekarun 1960 da ɗan abin da ya biyo, zaka gane su da hatiminsa da aka danna a gefen takarda ba tawada, kuma layukan sun gaji sun yi fari fari. Ba jabu bane, kuma in dan ka rataya ka kalla ne ba laifi, amma kar ka biya kuɗin wanda ta sa wa hannu. Kundin Knesebeck na 2002 ya rarrabe kowane bugu, shi zaka nema dillali ya ba ka lambarsa da harafin matakinsa.

Inda hanyar Jamus take da nauyi shine tarihin hannun da takardar ta bi. A 1937 gwamnatin Nazi ta kwashe ayyuka sama da dubu goma sha shida daga gidajen zane na ƙasar ta ce gurɓataccen zane ne, ta baje wasu a Munich dan a yi musu dariya, mafi yawan abin da aka kwashe kuwa na takarda ne, aka ba dillalai huɗu su sayar a waje, ɗayansu Hildebrand Gurlitt wanda aka gano tarin kayansa a gidan ɗansa a Munich a 2012. Kirchner ya kashe kansa a kusa da Davos a 1938. Bayan wannan akwai wanda ya fi muni, masu tara irin wannan zane da yawa Yahudawan Jamus ne, an ƙwace musu ko an tilasta musu sayarwa a wulaƙance kafin su gudu ko a kashe su, magadansu kuma suna da haƙƙin nema har yau, tun bayan yarjejeniyar Washington ta 1998 abin ya ƙara ƙarfi. A 2006 gidan zanen Brücke na Berlin da kansa sai da ya mayar da wani babban zanen Kirchner na titin Berlin ga magajiyar Alfred Hess, Bayahuden da zanen yake cikin tarinsa tun farko. Dan haka in ka ga giɓi a tarihin takarda tsakanin 1933 da 1945 ka tambaya, ka sa a duba rumbun Lost Art na Jamus da Art Loss Register na Landan, inda ake rajistar kayan zanen da aka ƙwace ko aka sace, ka nemi hoton bayan takardar dan hatiman tsoffin masu ita a nan suke. Ba dan tsoron asara kaɗai ba, kayan zalunci ba abin ajiyewa a gida bane. Shi Nolde kuma ya kamata ka sani kafin ka saya, duk da an kwashe ayyukansa sama da dubu, shi ɗan jam'iyyar Nazi ne mai ƙin Yahudawa, wasu masu tarawa sun daina sayensa saboda haka wasu basu daina ba, wannan kai zaka yanke.

Rashawa kuma, wallahi su ne suka fi burge ido in kana son abin da ya yi nisa da duk wani zane da aka saba. Daga 1912 zuwa 1914 mawaƙa irin su Kruchenykh da Khlebnikov suka haɗu da Goncharova da Larionov da Malevich da Olga Rozanova suna fitar da ƙananan littattafai da aka rubuta da hannu a kan dutse aka buga, 'yan ɗaruruwa kawai, a kan takarda mafi arha, wasu ma a kan takardar manna wa bango. Goncharova ta fitar da jerin bugun dutse 14 a kan yaƙi a 1914. Malevich ya buga ɗan littafinsa mai zane 34 a Vitebsk a 1920. El Lissitzky ya je Hannover a 1923 ya fitar da jaka biyu, ta Proun mai takarda shida kwafi 50, da ta Victory over the Sun mai takarda goma kwafi 75. Murabba'i, da'ira, layi, ja da baƙi, shikenan, amma har yau masu tsara fosta da tambarin kamfani daga nan suke ɗiba.

Sai dai ba kasuwar da jabu ya yi wa katutu kamar wannan. Dalilin a tarihi yake, daga 1932 gwamnatin Stalin ta rushe ƙungiyoyin masu zane, wannan salon ya zama abin ɓoyewa, ayyuka suka shige ƙarƙashin gado da ɗakunan ajiya shekara da shekaru ba rasit ba rajista, sai irin su George Costakis da ya bi gida gida a Mosko yana saye, wanda tarinsa yanzu ya rabu tsakanin gidan zane na Tretyakov a Mosko da wani a Thessaloniki ta Girka. To tunda na gaskiyar ma ba su da takardu, sai mai jabu ya samu labarin da zai fake da shi, kullum wani tsoho ne ya ɓoye a Tarayyar Sobiyet. A 2018 gidan zane na Ghent a Beljiyam sai da ya sauke ayyuka sama da ashirin da aka ba shi aro bayan masana sun fito fili sun ce basu yarda da su ba. A 2020 gidan Ludwig na Cologne ya binciki zane 49 daga cikin nasa ya sanar cewa 22 ba na waɗanda aka jingina wa bane. Waɗannan fa masu ɗakin gwaji ne da ƙwararru a kan albashi. Gaskia ne yawancin wannan ɓarnar a zanen fenti take da na ruwa, littattafai da jakunkunan bugu sun fi aminci saboda an san adadinsu kuma akwai na kwatantawa, gidan MoMA na New York kaɗai ya samu kyautar irin waɗannan littattafai sama da dubu ɗaya a 2001 kuma hotunan da yawa suna intanet. Dan haka in Rashawa ne, littafi cikakke ko takarda daga jakar da aka sani, daga gidan gwanjo ko dillalin littattafai mai suna, kar ka taɓa wata takarda guda da aka ce ba a taɓa ganinta ba. Ka kuma sa a ranka cewa tun 2022 takunkumi ya sa ma'amala da cikin Rasha ta yi wuya, kasuwar ta yi sanyi, sayarwa zata iya ɗaukar lokaci.

Yanzu ga wata magana da littattafan Turawa ba za su faɗa maka ba amma mu dole mu yi ta. Me zaka iya ratayawa a falo inda surukai da yara da malamin unguwa suke shigowa? Suite Vollard mafi yawansa tsiraici ne, mai sassaƙa da matar da yake kallo, Minotaur da mata. Brücke ma da yawa daga aikinsu masu wanka ne a tafki ba kaya, duk da suna da na tituna da jiragen ruwa da duwatsun Siwizalan da ƙauyukan bakin teku masu kyau sosai, Schmidt-Rottluff da Heckel suna da irin waɗannan da yawa, Lyonel Feininger ma majami'u da gidaje da jirage ne kusan duk sassaƙarsa. Wanda kuma baya ajiye hoton mai rai kwata kwata saboda addini, to jakar Proun ta Lissitzky da ɗan littafin Malevich na 1920 da Kandinsky na shekarun da yake koyarwa a makarantar zane ta Bauhaus a Jamus su ne nasa, ba fuska ba jiki, siffofi ne da launi kawai. Na san wanda wannan dalilin kaɗai ya isa ya yanke masa hukunci, kuma dalili ne mai kyau, sai dai ya shiga da haƙuri ya tara kuɗi ya sayi guda ɗaya tabbatacce maimakon biyar masu labari.

Ta fuskar ajiya ma ba ɗaya suke ba, musamman ga wanda zai kawo su gida. Takardar Montval ta Picasso mai kauri ce mai kyau, tana jurewa. Ta mujallun Jamus da ta littattafan Rasha ta niƙaƙƙen ice ce mai asid, da kanta take yin ja tana karyewa, in ta haɗu da laimar damina sai ɗigo ɗigon ruwan ƙasa su fito mata, in hunturu ya zo ta bushe ta yi ƙaras, ga ƙura, ga gara da kyankyaso. Firam ɗin bakin titi da ake manna hoto da gam a jikin katako zai kashe ta cikin 'yan shekaru kuma ya zubar da darajarta nan take. Sai kwali marar asid, gilashi mai tare hasken rana wanda baya taɓa fuskar takardar, bangon da rana bata bugawa kuma ba na bayan banɗaki ba, ko kuma a kwance cikin akwatin ajiya a ɗakin da zafinsa baya hawa da sauka sosai. In wutar unguwarku bata tsayawa kuma ba sola, ka yi wannan lissafin kafin ka sayi littafin Rasha na 1913.

Sai kuɗin da baya cikin farashin da ka gani. Gidajen gwanjo suna ɗora nasu kason a kan mai saye, wajen kashi 25 cikin ɗari ko fiye, a ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya kuma akwai kason magadan mai zane in bai cika shekara 70 da mutuwa ba, wanda ya shafi Picasso da Heckel da Schmidt-Rottluff amma bai shafi Kirchner ko Kollwitz ba, ga jigila da inshora da kwastan da canjin kuɗi. Na Jamusawa ka riƙa leƙa Ketterer a Munich da Grisebach da Bassenge a Berlin da Kornfeld a Bern, kundin gwanjonsu kyauta ne a intanet kuma suna rubuta lambar kundi da adadin bugu da irin takarda, karanta waɗannan na wata shida ko shekara ba tare da ka sayi komai ba zai koya maka abin da ba wanda zai koya maka da baki. Kafin ka ɗaga hannu ka tura musu saƙo ka nemi rahoton lafiyar takardar, ko an datse gefenta, ko an wanke ta, ko an manna ta a kwali, ko akwai yagewar da aka gyara, suna bayarwa ba ko sisi.

In kuɗinka mai kauri ne kuma kana son abin da zaka iya sayarwa cikin wata uku in buƙata ta taso, ɗauki takarda ɗaya ta Suite Vollard mai lambar Bloch da tambarin takarda ka huta. In siffofi marasa rai kaɗai zaka iya ajiyewa, jira Lissitzky ko Kandinsky daga jakar da aka san adadinta. Sauran mu kuwa, da muke tara kuɗin a hankali kuma muke son mu riƙe abin da mai zanen ya sassaƙa da wuƙarsa, sassaƙar katako ɗaya ta Heckel ko Schmidt-Rottluff daga Genius ko Die Aktion ta isa farawa, ka tabbata kundin ya ce daga allon aka buga ba kwafi ba dan mujallun nan suna ɗauke da duka biyun a fitowa ɗaya, ka nemi hoton gaba da baya, in shafin yana cikin mujallarsa cikakkiya ba a yanko shi ba to ya ma fi, kar ka cire shi.